Yanda ake huce gajiyar kai da bidiyon daji a waya

Duk wanda ya taɓa zama kan takarda awa uku huɗu ya san wannan yanayin, ka karanta layi ɗaya sau biyar amma ba abun da ya shiga, wani ya yi tari a bayanka a laburare ka ji ranka ya ɓaci ba gaira ba dalili, ka ɗauko waya da niyyar duba lokaci sai ga ka tsundum a satatus ɗin mutane. Kuma ba ɗalibai kaɗai ba, mai POS da ya wuni yana ƙirga kuɗin mutane a Sabon Garin Zariya, nas ɗin da ta kwana a bakin aiki a asibitin koyarwa na Shika, telan da ɗinkin sallah ya sha masa kai, duk kanwar ja ce. Jiki bai yi aikin ƙarfi ba amma kai ya ɗau zafi. To akwai wata 'yar dabara mai arha da masu binciken halayyar ɗan adam suka daɗe suna gwadawa, wato ka ɗan dakata ka kalli itatuwa ko ruwa ko da a sikirin ne. Tana aiki kam, amma ba kamar yanda ake zuzuta ta ba, kuma yawancin mutane in sun gwada tun a minti na farko suke ɓata ta saboda irin bidiyon da suka zaɓa da kuma yanda suka riƙe wayar.

Sai ka fara gane me ya gaji a kanka, in ba haka ba zaka zaɓi abun da zai ƙara maka gajiyar. Wasu miji da mata ne a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Rachel Kaplan da Stephen Kaplan, suka shimfiɗa bayanin tun 1989. Suka ce maida hankali kala biyu ne. Akwai wanda kai ne kake tilasta shi, kamar lokacin da kake bin lissafi ko kake sauraron lakca ana ta hayaniya a waje, kana riƙe abu ɗaya kana kore sauran, wannan korewar ita ce take cin ƙarfi kuma ita ce take ƙarewa. Sai kuma wanda yake zuwa da kansa ba ka wahala ba, ganye na kaɗawa idonka ya bi shi, ruwa na gudu kunnenka ya bi shi. A ra'ayinsu in ka bar na biyun ya riƙe ka na ɗan lokaci, na farkon sai ya samu ya huta. Amma da sharaɗi, abun da zai ja hankalin naka ya zama mai laushi ne, wanda zai riƙe ido amma ya bar zuciya ta yi 'yan tunane-tunanenta. Wasan ƙwallo ma ai yana jan hankali da kansa, rigimar TikTok ma haka, sai dai su fizgar ka suke yi gaba ɗaya, ba su bar maka fili ba, shi yasa zaka yi minti talatin kana sukurolin da sunan hutu ka dawo kan takarda ka ji gara ma da ba ka tashi ba.

Ana da shaida? Akwai daidai gwargwado. A 2008 Marc Berman da abokan aikinsa a can Mishigan ɗin sun sa ɗalibai yawo na kusan minti 50, wani zubin a cikin lambun itatuwa wani zubin a tsakiyar gari, suka auna su da gwajin maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko, bayan yawon lambu sun fi taɓuka abun kirki. Sai suka sake gwadawa da hotuna zalla, na daji da na gari, kallon kamar minti 10, nan ma hotunan daji suka ɗan taimaka. A 2015 Kate Lee a Jami'ar Melbon ta Ostireliya ta ba ɗalibai 150 wani aikin danne-danne mai gundura a kwamfuta, a tsakiya aka ba su hutun sakan 40 kacal, wasu aka nuna musu hoton rufin bene na kankare tsura, wasu kuma rufin da aka shuka ciyawa da furanni a kai, masu kallon ciyawar suka fi ƙarancin kuskure da aka koma aiki. Sakan 40 fa. Amma kar ka yi saurin murna, wata bita da aka fitar a Ingila a 2016 wadda ta tattara bincike 31 ta samu cewa a wasu gwaje-gwajen ne kawai ake ganin bambancin, a wasu kuma babu, sannan akwai waɗanda suka maimaita gwajin hotunan ba su ga komai ba. Ni a fahimtata ribar ƙarama ce, irin wadda zata sa ka iya ƙara shafi biyar goma kafin ka rufe littafi, ba wadda zata maida wanda bai yi karatu ba gwanin jarabawa ba.

Yanzu zaɓen bidiyo, nan ne rabin aikin yake. Ka nemi wanda in ka nuna wa ƙaninka zai ce yaya wannan ai ba a komai a ciki. Shi ake so. Kyamara a kafe wuri guda ko tana tafiya a hankali, ruwa na gangarowa kan duwatsu, iska na kaɗa ciyawa, gajimare na wucewa, ruwan sama na zuba kan ganye, ba mai magana, ba kiɗa, ba rubutu na yawo a ƙasa, ba a yanka hoto ana tsalle daga nan zuwa can duk bayan sakan uku. Waɗannan finafinan namun daji da muke so, zaki ya biyo barewa kada ya cafke jakin dawa a bakin ruwa, suna da daɗin kallo amma ba na wannan aikin ba ne, don zuciyarka ce zata riƙa bugawa kana addu'ar Allah ya ƙwaci barewa. Haka wanda Bature ke ta bayani a kai, kunnenka zai koma fassara, aikin da kake gudu kenan.

Sai wani abu da masu ɗora irin waɗannan bidiyoyin a YouTube ba su san da shi ba saboda ba don mu suka yi ba. Su dajin da ya rufe ruf, duhu ko ina, shi ne abun sha'awa. Mu a wannan zamanin wanda ke bin hanyoyin nan namu yana jin labarin abun da ke faruwa a dazuka, ka nuna masa duhuwa ka ce ya natsu, ina, tunaninsa wani wuri zai tafi. Wanda ya taso a ƙauye kuma doguwar ciyawa maciji take tuna masa ko wahalar noma. Wasu masu bincike a Ingila, Gatersleben da Andrews, sun nuna a 2013 cewa wurin da ya cushe ba ka hango nesa kuma akwai maɓoya da yawa ba ya hutar da mutum, yana ma iya ƙara masa fargaba, wanda ya fi shi ne buɗaɗɗen wuri da ido ke kaiwa nesa. Dan haka ka nemi fili, bakin tafki, fadama, gonar shinkafa kore shar, itatuwa jefi-jefi da hanya a tsakani. In ƙanƙarar Turai ce take burge ka ba laifi, amma ni dai ba ta ce min komai. Ma'aunin kawai shi ne ka tambayi kanka, da za a ajiye ni a wurin nan yanzu ni kaɗai, zan shimfiɗa tabarma in zauna ko zan fara waige-waige?

In ka samu guda biyu uku da suka kwanta maka, sauke su a wayar tun kafin ranar buƙata, da datar dare ko inda ka samu wayifai, ba sai mai nauyi sosai ba, matsakaici ya isa ƙaramin sikirin. Wannan saukewar ba maganar tattalin data kaɗai ba ce. In ka ce sai kanka ya ɗau zafi zaka shiga YouTube ka nema, to kafin ka rubuta komai an jero maka bidiyo goma na siyasa da barkwanci da wa'azin da ya tada ƙura, kuma a daidai lokacin ne ba ka da ƙarfin cewa a'a, don ƙarfin kore abu ɗin shi ne ya ƙare. Ga talla da zata faɗo a tsakiya da ƙara, ga netwok da zai tsaya yana juyi. Ka ajiye su a folda guda a fuskar wayar, dannawa ɗaya ka shiga.

Yin sa kuma ba wuya. Kar ka jira sai ka ji kan ya cushe gaba ɗaya, da ka ga ka fara maimaita layi ko ka fara kuskuren da ba ka saba ba, tsaya. Wasu suna sa alam duk minti 40 ko 50, yana da kyau in kai mai mantuwa ne. Kashe data ɗungurungum, ba wai ka sa wayar a shiru kawai ba, don saƙon WhatsApp ɗaya in ya leƙo daga sama shikenan an gama. Juya wayar a kwance hoton ya cika sikirin, jingina ta da littafi ko kofi ta yi nisan kamar tsawon hannu, ka cire hannunka daga kanta, wannan yana da muhimmanci wallahi, yatsa in yana kan gilashi ja yake son yi. In kana da laftof ko talabijin sun fi, girman hoto yana sa ka fi jin kamar ka bar ɗakin. Rage haske ya dace da na ɗakin, sa iyafis da murya ƙasa-ƙasa, jingina bayanka, saki kafaɗa. Minti 5 zuwa 10 ya isa, sa alam mai taushi don kar ka riƙa leƙen lokaci.

A cikin mintunan nan ba a son ka yi ƙoƙarin komai. Kar ka ce sai ka hana kanka tunani, kar ka ce bari in riƙa bitar abun da na karanta a zuci ina kallo, wannan ba hutu ba ne. Ido ya bi abun da ya ga dama, tunani ya je kasuwa ya dawo, ba ruwanka. Minti biyun farko zaka ji gundura har da ɗan haushi, ka ji kamar kana ɓata lokaci ga jarabawa gobe, ka daure, kan da ya saba da fizga ne yake neman abun da ya saba. Alam na bugawa ka tashi ka miƙe, sha ruwa, leƙa taga ka kalli abu mafi nisa da zaka iya hangowa na ɗan lokaci, sannan ka koma aiki kai tsaye ba tare da ka kunna data ba. In ka ce bari in ɗan duba saƙo ɗaya kafin in ci gaba, ka zubar da abun da ka tara.

Masu aikin da ke cin ido, tela, masu ɗinkin hannu na cikin birni da ke wuni kan wuyan babbar riga, masu gyaran waya, wanda ya wuni gaban kwamfuta yana buga furojet, ku kam ban ba ku shawarar ƙara wani sikirin ba. Idonku ya wuni yana kallon kusa, abun da yake so shi ne nesa. Ku yi da sauti kawai, kukan tsuntsaye, ruwan sama, ƙoramar da ke gudu, ku rufe ido ko ku fuskanci ƙofa. An gwada sauti shi kaɗai ma, a 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Shikago sun samu cewa waɗanda suka saurari sautin daji sun fi waɗanda suka saurari hayaniyar gari a gwajin maida hankali. Likitocin ido kuma suna da tasu ƙa'idar mai sauƙin riƙewa, duk minti 20 ka kalli abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na sakan 20. Da daddare ma sautin ya fi, ga ba ya cin caji, abun da duk mazaunin garin nan namu na Zariya ya san darajarsa in aka ɗauke wuta janareton maƙwabci na ta ɓaɓatu. Amma dan Allah banda toshe kunne a kan titi ko a bayan ɗan acaba.

Maganar tabaron VR da ake ɗaurawa a fuska ka ga kamar kana cikin wurin, in ka samu a hannun aboki ka gwada, amma kar ka ci bashi dominsa. Gaskiya yana sa ka fi jin ka bar ɗakin tunda ya rufe maka komai, sai dai yana da nasa matsalolin, mutane da yawa jiri yake sa su da tashin zuciya saboda ido yana cewa ana tafiya, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne kuma yana cewa a zaune kake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. In zaka yi ka zauna, ka zaɓi wanda kyamarar ba ta motsi, kar ka wuce 'yan mintuna, da ka ji zufa mai sanyi ko kai ya fara juyawa cire shi nan take. Mai farfaɗiya da ƙananan yara kar su saka shi. Irin mai arhan nan da ake zura waya a ciki kuma ba kowace waya yake yi da ita ba, sai mai na'urar gane juyawar kai, ƙananan wayoyi da yawa ba su da ita, ka tambaya kafin ka biya. Ga zafi, a watan Afrilun Zariya ka ɗaura roba a fuska minti goma ka ga yanda zaka koma.

Abun da na fi so mutane su yi shi ne su ɗauki nasu bidiyon. Damina in ta kankama, Yuli zuwa Satumba, garin nan yana yin kyan da ba ma lura da shi, ka je bakin dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko gindin dutsen Kufena ta wajen Wusasa ko bakin kogin Galma inda ake noman fadama, ko ma wani tsohon rimi a unguwarku da tsuntsaye ke taruwa, da sassafe bayan an idar da asuba gari ya ɗan waye, lokacin hasken yana da taushi kurciyoyi na kuka babura ba su fito ba. Kar ka riƙe wayar a hannu, rawa zata yi, jingina ta da dutse ko ka ɗaure ta a reshe, a kwance, kar ka yi zum, ka danna ka ja baya ka yi shiru minti biyar cur. Iska ce babbar mai ɓata sauti, ka tsaya inda wani abu ya kare ta ko ka ɗan rufa wa makirfon ƙyalle mara kauri. Ka tabbata akwai abu mai motsi a ciki, ruwa ko ganye ko balbelu na bin shanu, don hoto a sandare saurin gundura yake. Ku je ku biyu ko uku, da rana tsaka ko safiya, kar a nausa wurin da ba a sani ba, kar a ɗauki mutane ko gonar wani sai an yi sallama an tambaya. Amfanin wannan zaka gan shi a Janairu da Fabrairu lokacin da hazo ya rufe gari komai ya koma ruwan ƙasa, ka buɗe ka ga wurin da ka taka da ƙafarka yana kore. Ka tura wa 'yan ajinku ta Xender ma kowa ya samu ba sai ya kashe data ba.

Amma fa a sani, wannan duk taimama ce, in ruwa ya samu an san hukuncinta. A 2020 Matthew Browning da abokansa a Amurka sun raba ɗalibai, wasu suka zauna minti 6 a ainihin daji, wasu suka kalli wurin a VR, wasu suka zauna a ɗaki ba komai, waɗanda suka fita waje ne kaɗai walwalarsu ta ƙaru, na VR ta tsaya yanda take, na ɗaki ta ragu. Wato sikirin ya fi babu amma bai kai na gaske ba, ba iska a ciki, ba ƙamshin ƙasa, ba motsa ƙafa, ido kuma bai samu nisan da yake so ba. Wani babban bincike a Ingila a 2019 kan mutum kusan 20,000 ya ga cewa masu samun aƙalla minti 120 a mako cikin itatuwa da filaye sun fi cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali, ko da a gutsuttsure suka haɗa mintunan. Dan haka ɗalibin Samaru da itatuwa suka kewaye shi ta ko ina ya zauna a hostal yana kallon daji a waya, abun dariya ne gaskiya, ka fito ka zauna gindin bishiya, ko in za ka masallaci ka bi hanyar da ta fi inuwa ka bar wayar a aljihu. Bidiyo na mai shago ne da ba ya iya barin kanta, da mai aikin dare, da mara lafiya a gado, da uwar da ke fama da yara a gida, da ranar da rana ta ƙwalle ko ruwa ya tsare ka.

In kana son ka san ko yana maka aiki ko kana yaudarar kanka ne, yi irin gwajin da masu binciken suke yi. Abokin karatunka ya karanto maka lambobi ɗaya bayan ɗaya a hankali, misali 7, 2, 9, 4, kai kuma ka maido su ta baya, 4, 9, 2, 7, yana ƙara tsawon har inda ka kasa, ku rubuta. Ku yi kafin hutu da bayan hutu. Sai dai kar ka yanke hukunci da rana ɗaya, don ko ba ka kalli komai ba karo na biyu yakan fi na farko saboda sabo, sai ku riƙa canzawa, yau hutun bidiyon daji, gobe hutun sukurolin, jibi zama shiru kawai, na mako ɗaya ko biyu, sannan ku duba takardar. Wani zai ga zama shirun ma ya ishe shi, to ya huta da neman bidiyo.

Akwai kuma gajiyar da wannan ba ya taɓa ta ko kaɗan. Wanda ya kwana biyu yana karatun dare har asuba barci ne maganinsa, minti 20 na gyangyaɗi da rana ya fi masa kowane bidiyo. Wanda bai karya ba ya nemi koko da ƙosai. In kuma kasalar ta ƙi tafiya, ga ciwon kai ga zazzaɓi-zazzaɓi, a je a yi gwajin maleriya, in rubutu ne yake dishi-dishi ko ido na ruwa a je a auna ido, in kuwa makonni ne kana jin komai ya fita ranka, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ba ka son ganin mutane, wannan ya wuce gajiyar karatu, ka samu likita ka faɗa masa yanda kake ji dalla-dalla, akwai sashen da ke duba irin wannan a asibitin koyarwa.